Sunan da na ɓata a bakin shago

Ni tela ne, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, kuma gidanmu Katolika ne tun daga kakana. Neman abinci ne ya kai ni Hartum, na kama ɗan shago a kudancin birnin, cikin unguwar da Hausawa suka yi yawa. Su ba baƙi ba ne irina. Kakannin wasu sun taso ne a ƙasa da niyyar aikin Hajji, guzuri ya ƙare suka tsaya noman auduga a Jazira. Wasu kuma jikokin waɗanda suka biyo Mai Wurno ne, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Musulmi ne dukansu, sun san ni Kirista ne, kuma ba wanda ya taɓa ɗaga mini gira a kan haka. Lahadi ranar aiki ce a Sudan, don haka sai la'asar nake rufe shago in tafi coci. Mai agashen da ke gefena yakan ɗago kai daga kan gawayi ya ce, "Usta, a saka mu a addu'a." (Usta ake ce wa gwanin sana'a a can.)

Ina da yaro ɗaya mai koyon ɗinki, ɗan shekara goma sha bakwai, ɗan wani malamin allo a bayan layinmu. Shekara biyu yana hannuna. Ana saura mako guda Babbar Sallar 2021, aiki ya yi mana rubdugu, ga ɗauke wuta ba dare ba rana, ga masu kaya suna zirga-zirga. Wani ɗan kasuwa ya kawo farin yadi mai tsada na jallabiya biyu. Ranar da zan yanka na neme shi sama ko ƙasa, babu. Mu biyu ne kaɗai ke riƙe da makullin shagon.

Ban kira yaron gefe ba. Fitowa na yi bakin shago, gaban mai shayi da masu raksha, wato a-daidaita-sahu, da duk wanda ke wucewa, na ce masa ɓarawo, na kuma maimaita. Sau ɗaya ya buɗe baki: "Usta, wallahi ban ɗauka ba." Na karɓe makulli, na riƙe kuɗin aikinsa na wata biyu a madadin yadin. Ya sa takalminsa ya tafi, kansa a sunkuye.

A watan Satumba aka yi wani ruwa mai ƙarfi, rufin shagon ya yi yoyo, na jawo kabad don in goge bango. Sai ga yadin a bayansa, a naɗe yadda aka kawo shi, ƙura ta yi masa ja, ɓera ya ɗan taɓa gefe guda. Gabana ya faɗi. Na daɗe a tsugune ina kallonsa. Abin da na yi bayan haka shi ne ya fi ba ni kunya har yau: na waiga na ga ba kowa, na cusa yadin a ƙasan akwati, na ɗora tsummoki a kai. Na ce wa kaina magana ta riga ta wuce, tono ta zai ƙara ɓata abubuwa, yaro ne zai manta. Wata uku ina zaune da wannan akwati a gefen keken ɗinkina.

Adbent, wato makonni huɗun da muke jiran haihuwar Almasihu, ya fara ne a ran 28 ga Nuwamba a shekarar. Garin ba daɗi. Sojoji sun karɓe mulki tun 25 ga Oktoba, matasa na fita zanga-zanga, a rufe gadoji, a katse intanet, ka fita ba ka san ta inda za ka dawo ba. Duk da haka nakan lallaɓa in isa babban cocin Waliyyi Matta da ke bakin Kogin Nilu. Fada, limamin cocin, ya sa tufa mai launin shunayya, launin tuba. An daina rera waƙar ɗaukaka ga Allah a cikin sama a ranakun Lahadi, sai daren Kirsimeti. Kowace Lahadi a kunna kyandir ɗaya, har su cika huɗu. Na san duk wannan tun ina yaro a ajin katikis, inda ake koya mana addini, kuma a ganina shirin Kirsimeti ya tsaya ne a kan zuwa coci, rage ciye-ciye, da aika wa gida kuɗin shinkafa da kaji.

Duk Katolikan Sudan sun san Waliyya Bakhita, ni ma ina ƙaunarta. An haife ta a Darfur wajen 1869, masu farautar bayi suka sace ta tana yarinya, aka yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu a El Obeid da Hartum. A wani gida an tsattsaga jikinta da wuƙa aka cusa gishiri a raunukan. Daga baya ta isa Italiya, aka yi mata baftisma a 1890, ta zama sista, ta rasu a 1947, Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana ta waliyya a shekarar 2000. Abin da aka fi tunawa da ita shi ne ta ce da za ta haɗu da waɗanda suka sace ta, da ta durƙusa ta sumbaci hannuwansu. Shekara da shekaru in na tsaya gaban hotonta, roƙona ɗaya ne: ta taimake ni in yafe wa waɗanda suka cuce ni. Masu cin bashi, mai gidan haya, wani ɗan'uwa a gida da ya cinye mini fili. Kullum ni ne wanda aka zalunta. Ban taɓa tsayawa a wurin na ɗauki kaina a sahun masu riƙe da wuƙar ba.

Lahadi ta uku, 12 ga Disamba, ranar da ake kunna kyandir mai launin ruwan hoda, aka karanta Luka sura ta uku. Da Larabci aka karanta, Larabcina kuwa na kasuwa ne, amma na san wurin da Hausa tun a gida. Jama'a sun zo wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambaya, to me za mu yi? Bai ce su yi kuka ba, bai ce su ƙara azumi ba. Mai riga biyu ya ba marar ita ɗaya. Masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da ƙa'ida. Sojoji kada su yi wa kowa ƙwace, kada su yi wa kowa ƙazafi. Mutane a coci suka yi ta gyaɗa kai a kan maganar sojoji, kowa ya san abin da ke faruwa a titi. Ni kuwa kalmar ƙazafi ce ta tsaya mini a wuya. Ban iya tashi karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki, ba ranar.

Cikin makon na je furta zunubi. Fadan mutumin Duwatsun Nuba ne, dattijo mai magana a hankali. (Shi an ɗaure bakinsa har abada a kan abin da ya ji, ni kuwa ina da damar faɗin nawa.) Na zayyana komai, rabi da Larabci rabi da Turanci, ina jiran ya ce in yi addu'a kaza in tafi. Sai ya tambaye ni, "A ina ka kira shi ɓarawo?" Na ce a bakin shago. "Mutum nawa suka ji?" Na ce za su kai goma. Ya yi shiru, sannan ya ce Allah ba ya rowar gafara ga wanda ya tuba da gaske, amma Ikilisiya tana koyar da cewa wanda ya ɗauki abin wani sai ya mayar, kuma suna ma abin mutum ne kamar kuɗinsa. Ya ce, "Ɗana, kuɗin za ka iya mayarwa a ɓoye. Sunan fa?" Na yi alkawari, ya ɗaga hannu ya furta mini gafara.

Kuɗin ma ba su zo da sauƙi ba. A watan Fabrairun shekarar gwamnati ta karya darajar fam, kuɗin Sudan, dala ɗaya ta tashi daga 55 zuwa 375, kayan masarufi kuma suka yi ta hawa kowane mako. Abin da na riƙe masa a Yuli, in na miƙa masa daidai adadinsa a Disamba, na sake cutarsa ke nan. Na je wurin mai kanti muka lissafa sukari da man girki nawa kuɗin za su saya a lokacin, na biya a farashin ranar. Sai da na jingine sayen sabon injin surfani kafin su cika.

Na fara da gidansu, bayan sallar Isha. Malam na zaune a kan tabarma, allunan yara jingine da bango. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida, kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Na kwance yadin na ajiye a gabansa, na ce, "Baba, na zo ne da laifi. Yaron nan bai ɗauki komai ba. Tun Satumba na gani, na ɓoye." Da zan iya da na tsallake maganar Satumba, amma ita ce ainihin laifin. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Ni na san ɗana. Ranar da ya dawo ya yi kwana uku bai ci abinci ba. Nawa na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Nasa kuwa sai ka tambaye shi."

Aka kira yaron. Ya tsaya a bakin zaure bai shigo ba. Na roƙe shi gafara, na miƙa kuɗin. Ya karɓa ya ba mahaifinsa, ya ce, "Na ji, Usta," ya juya ciki. Bai ce ya yafe ba. Na fito raina a jagule, har da ɗan jin haushi, wai ni babba na ƙasƙantar da kaina amma ko kallona bai yi ba. A hanya na gane cewa na je ne ina sa ran a sallame ni da wuri don in yi Kirsimeti da zuciya fara. Wata biyar ana nuna shi da baki a unguwa, wani tela ma ya ƙi ɗaukarsa saboda maganata, ni kuma ina so a wanke ni cikin minti biyar.

Washegari da hantsi, lokacin da wurin mai shayi ya fi cika, na fito da yadin bakin shago. Muryata na rawa na ce, "Jama'a, a nan na kira ɗan Malam ɓarawo. Ƙarya na yi masa. Ga yadin, a shagona yake." Wuri ya yi tsit. Mai shayin, wata dattijuwa da ba ta ɓoye magana, ta ce, "Ai ka daɗe, ɗana." Ta zuba mini shayi ba ta karɓi kuɗi ba. Na kuma taka har shagon telan da ya ƙi shi, na faɗa masa da bakina.

Tun daga wannan shekara na sauya yadda nake shiga Adbent. Lahadin farko nakan zauna da takarda, in rubuta sunayen waɗanda ke da magana a kaina, ba waɗanda nake da magana a kansu ba, domin wancan jerin na biyu ba ya bukatar takarda, a haddace yake. Ina zuwa furta zunubi a mako na farko ko na biyu, ba ranar jajibere ba, don in sami kwanakin da zan bi mutane gida-gida. Kuma na daina cewa "in na yi maka laifi ka yafe." Nakan ambaci laifin da sunansa.

Yaron bai dawo shagona ba, wancan telan ne ya ɗauke shi. In mun haɗu a hanya yakan gaishe ni a taƙaice ya wuce, haka muka yi fiye da shekara. Da yaƙi ya ɓarke a ran 15 ga Afrilu 2023, unguwar ta watse, kowa ya kama gabansa, ni na bar keke da kabad da komai. Bayan kusan wata biyu wata baƙuwar lamba ta kira ni. Shi ne, daga Gadarif, layin yana yankewa. Ya ce Malam na gaishe ni, sun isa lafiya, ya sami keken haya yana ɗan taɓa ɗinki a kasuwa. Sai ya ce, "Usta, kana da rai dai? Na yi ta neman lambarka." Na ce ina nan. Ya tambaye ni yadda ake fitar da wuyan jallabiya in yadin mai santsi ne, na yi masa bayani har kuɗin wayarsa suka ƙare.