Ranar Laraba a ɗakin maza na asibiti, da dattijon da bai kira kowa ba

Na karɓi aiki da ƙarfe 8 na safe, hazon hunturu bai gama washewa ba, na tarar da majinyata 14 a ɗakin maza, mu kuwa ma'aikatan jinya biyu ne kacal. Da shigata wani matashi da aka yi wa aikin ƙaba jiya ya fara kirana saboda zafin ciwo, 'yan'uwansa suna roƙona in fara da shi. Na ba su haƙuri na wuce gado na shida, inda wani dattijo manomi daga wani ƙauye kusa da Ringim yake kwance, kwana uku bayan tiyatar hanjinsa da taifot ta huda.

Shirunsa ne ya dame ni. Wanda yake iya ɗaga murya ya nuna cewa hanyar numfashinsa a buɗe take, shi ya sa aka koya mana mu fara duba hanyar iska, sai numfashi, sai gudun jini, kafin mu waiwayi sauran koke-koke. Na tsaya na ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur, na sami 28, alhali na babban mutum bai kamata ya fita daga 12 zuwa 20 ba. Bugun zuciyarsa 118 ne a minti ɗaya, zafin jikinsa ya haura digiri 38, awon hawan jininsa ya sauka, fitsarin da ya taru a jaka kuma bai kai mililita 30 a kowace awa ba. A ganina ƙirga numfashi shi ne awon da muka fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin ba na'ura ce ke yinsa ba, ga shi kuma sau da yawa shi ne yake fara canzawa. Na ɗaga kan gadon, na sa masa oksijin, na kira likita nan take.

Muna jiran likitan ne babban ɗansa ya matso da kwano a hannu ya ce, "Likita, tun ranar Lahadi Baba bai sa komai a bakinsa ba, ga ɗan kunu na kawo." Na ce masa, "Malam, Allah ya saka maka, amma hanjin da aka ɗinke bai fara aiki ba tukuna, kunun nan zai iya cutar da shi, ƙarin ruwan da kake gani shi ke riƙe da shi yanzu." Ya ajiye kwanon idanunsa cike da ƙwalla, ni ma sai da zuciyata ta sosu.

Likita ya yi zargin ɗinkin ya saki kuma ƙwayar cuta ta shiga jini, aka ƙara masa ruwa da allurai, kafin azahar aka ɗauke shi zuwa Kano.

Matashin nan ya sami allurar rage ciwo minti 20 bayan kiransa, na kuma bayyana masa dalilin jinkirin. Mun riƙa juya wani mai shanyewar ɓarin jiki duk bayan awa biyu don gudun gyambon kwanciya. Wajen raba magani na tambayi kowa cikakken sunansa na gwada da katinsa, domin mutum biyu ne masu suna ɗaya a gadaje maƙwabta, ɗayansu kuma mai ciwon suga ne da ake yi wa allurar insulin.

Bayan la'asar ɗan dattijon ya aiko da saƙo cewa sun isa, an sake shiga da mahaifinsa ɗakin tiyata. Allah ya tashi kafaɗarsa.