Gitar Abzinawa da jiragen Agadas

A watan Afrilun 2024 wani ƙanena da ke tuƙa mota tsakanin Damagaram da Agadas ya turo mini bidiyon zanga-zangar da mutanen Agadas suka yi suna neman sojojin Amurka su bar ƙasarmu Nijar, bayan gwamnati ta soke yarjejeniyar soja da su a watan Maris. Abin mamaki, kiɗan da aka ɗora a kan bidiyon ya fi jawaban kama ni. Gitar Abzinawa ce, wadda suke kira assuf, wato kewa da kaɗaici, kuma duk da cewa Tanut kaɗai ce babban gari tsakaninmu da su, ban taɓa zama na saurare ta da natsuwa ba sai ranar. Na kwana ina maimaitawa, ko da yake ba na jin Tamashek.

Da ya dawo muka zauna shan shayi a Zango, na tambaye shi abin da ya sani game da sansanin 201, wato sansanin jiragen sojan Amurka da ke Agadas, wanda aka kashe wa fiye da dala miliyan 100, inda jirage marasa matuƙa suka fara tashi a 2019. Ya ce shekara da shekaru yana wucewa kusa da wurin, amma bai taɓa sanin inda suke zuwa ko abin da suke gani ba. Na tuna cewa labarin sansanin CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, da ke Dirku a arewacin ƙasarmu ma jaridar New York Times ce ta tona shi a 2018, mu ƴan ƙasa muka ji daga bakin baƙi. Amurkawa sun fice daga Agadas a watan Agustan 2024, ni kuwa waƙoƙin suna nan cikin wayata, ina jin su kowace yamma.