Tocilar da ba ta kamawa sai an buga ta

Kusan duk mai tocila ya saba da wata ɗabi'a guda: idan haske ya fara rawa ko ya ɗauke gaba ɗaya, sai ya buga ta a tafin hannu, ta kama, ya ci gaba da harkarsa. A ganina wannan bugun bai kamata a ɗauke shi a matsayin magani ba, domin shi kansa shaida ce a kan inda matsalar take. Ƙwan da ya ƙone ba ya farfaɗowa don an girgiza shi, batirin da ya ƙare kuma bugu ba ya cika shi. Tocilar da ke amsa bugu tana nuna cewa akwai wurin da ƙarafa biyu suka daina haɗuwa yadda ya kamata, kuma girgizar ce ke haɗa su na ɗan lokaci. Abin da ke damuna shi ne yawan tocilolin da ake jefarwa, da kuɗin batir da ake kashewa a banza, alhali gyaran sau da yawa bai wuce auduga da ɗan haƙuri ba.

Kafin a taɓa komai, yana da kyau a san hanyar da wuta ke bi. Tana fitowa daga kan batir, inda alamar + take, ta shiga ƙwai, sannan dole ta sami hanyar komawa gindin batir. A tocilar ƙarfe, jikin tocilar kansa shi ne wayar komawa: wutar tana bin bututun har ƙarshensa, ta tsallaka cikin murfin baya, ta ratsa makunni idan a can yake, ta bi sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar nan mai lotsawa da ke danne batir, ta shiga gindin batir. Duk inda aka ce ta tsallaka, to ƙarfe ne kawai ya dafa ƙarfe, babu dalma, babu liƙi. Tocila mai batir biyu tana da irin waɗannan mahaɗai da dama, har da tsakanin batir da ɗan'uwansa, kuma guda ɗaya ya isa ya kashe hasken.

Dalilin da ya sa ɗan datti ke yin ɓarna haka shi ne ƙarancin ƙarfin wutar. Batir na gama-gari bolt 1.5 yake bayarwa, biyu kuwa bolt 3. Idan tsatsa ko maiƙo suka cinye rabin bolt a mahaɗa guda, kashi ɗaya cikin shida na ƙarfin ya tafi ke nan tun kafin wutar ta kai ga ƙwai. Tocilolin zamani masu ƙwan LED suna da wata alama ta daban da ke ruɗa mutane: suna sauya haske da kansu, daga mai ƙarfi zuwa mai rauni ko mai walƙiya. Yawancinsu an ƙera su ne su sauya salon haske duk lokacin da aka yanke wuta na ɗan ƙiftawar ido, saboda haka mahaɗar da ta saki tana yin aikin yatsan mai danna makunni, ba tare da kowa ya danna ba.

A fara da batir, domin shi ne mafi sauƙin kawarwa. A sa sababbi, iri ɗaya, kada a haɗa tsoho da sabo, a goge kai da gindin kowanne da ƙyalle mai tsabta. Masu tocila mai batirin caji na 18650 su lura da tsawo da siffar kansa. Lambar tana nufin faɗin milimita 18 da tsawon milimita 65, amma wanda aka sa wa na'urar kariya ya fi haka tsawo da 'yan milimitoci, sannan wani kansa a shafe yake, wani kuma yana da ɗan tsini. Mai shafaffen kai a tocilar da aka yi don mai tsini yana iya kasa taɓa mahaɗar gaba, ko ya riƙa taɓawa yana saki.

Idan batir lafiya yake, sai gwajin da na fi dogara da shi, domin yana raba tocilar gida biyu ya nuna ɓangaren da ke da laifi. Wannan gwaji na tocilar ƙarfe ce mai makunni a murfin baya. A cire murfin, a bar batir a ciki, a ɗauki guntun waya ko ƙaramin makulli, a dafa gefe ɗaya a gindin batir, ɗaya gefen kuma a bakin bututun, daidai wurin da ƙarfen yake tsirara ba fenti. Idan haske ya kama ya tsaya cak ba rawa, to kan tocilar da ƙwanta lafiya suke, matsalar tana cikin murfi. Idan kuwa har yanzu yana rawa, sai a mayar da hankali gaba. Ba sai da mitar gwajin wuta ake yin wannan ba, kuma yana hana mutum kwance abin da ba shi da laifi.

A ɓangaren murfin akwai abubuwa uku da ke yawan jawo wannan matsala, kuma wanda aka fi mantawa da shi shi ne zoben da ke riƙe da makunni. Idan aka leƙa ciki za a ga wani zoben ƙarfe mai ƙananan ramuka biyu a kewayen sifirin. Yawan buɗewa da rufewa yana sassauta shi a hankali, da zarar ya saki kuwa makunnin ya daina manne wa jikin murfi. Ana ɗaure shi da bakin siririyar filaya, a sa a ramukan a murɗa a hankali, tare da lura cewa a wasu tociloli ana ɗaure shi ne ta hagu. Na biyu shi ne bakin bututun. Baƙin launin da ke jikin tocilar alminiyom ba ado ba ne kawai, wani rufi ne da wuta ba ta ratsa shi, don haka a tociloli da yawa wutar ba ta bin layukan da ake murɗa murfi a kansu, sai ta wannan siririn bakin da aka bari tsirara. Ƙurar hunturu idan ta gauraya da man da ke layukan takan zama baƙin datti ta rufe shi. Auduga da ɗan sifirit sun isa su wanke shi, sannan a tabbatar murfin ya ɗauru har ƙarshe. Na uku shi ne sifirin da ya gaji, musamman bayan tocila ta faɗi nauyin batir ya danne shi. A ja shi kaɗan da filaya ya miƙe, amma kaɗan ɗin nake nufi, don idan aka cika ja yana iya tsinkewa daga gindinsa.

Batun batirin da ya zubar da ruwa yana buƙatar kulawa ta musamman. Farin garin da batirin alkalin ke bari ya samo asali ne daga sinadari mai cin fata, don haka kada a taɓa shi da hannu tsirara, kada kuma a hura shi da baki ya shiga ido. Ɗigon ruwan lemon tsami ko ruwan khal a kan auduga yana narkar da shi, daga nan a goge da sifirit a bar shi ya bushe sarai. Wajen goge dushewar mahaɗa, robar goge fensir ta fi samfefa, domin mahaɗan suna da siririn rufi da ke kare su daga tsatsa, samfefa kuwa tana kankare shi, sai tocilar ta kama yau ta sake lalacewa da damina. Ba na kai hannu ga samfefa sai inda tsatsa ta riga ta ci ƙarfen.

Idan gwajin ya nuna gaba, a kwance kan tocilar a goge mahaɗar da kan batir ke dafawa, a duba ko akwai irin wancan zoben a nan ma. Tsofaffin tociloli masu makunnin turawa suna da siririn ƙarfe a ciki da ke zamewa ya taɓa gindin mazaunin ƙwai, wanda yakan lanƙwashe ko ya dushe, kuma gogewa da ɗan miƙarwa suna dawo da shi. Na roba masu caji kuwa, yawanci wayar da dalmarta ta saki ce, wannan aikin mai gyaran rediyo ne.

Dabara guda ce nake roƙon a bari, wato cusa takardar alminiyom don cike giɓi tsakanin batir da sifirin. Takan motsa ta taɓa jikin bututun, ta tsallake makunni tocilar ta kunnu a cikin jaka ba a sani ba, idan kuma ta kai ga kan batir tana iya haɗa + da − kai tsaye. A batirin lithiyom na caji irin 18650, wanda ke kaiwa bolt 4.2 idan ya cika, irin wannan haɗuwa tana sa shi zafi ƙwarai har ya iya kama wuta. Haka nan duk batirin 18650 da ledar jikinsa ta yage, kada a mayar da shi cikin tocilar ƙarfe sai an sake masa leda, domin duk jikin da ke ƙarƙashin ledar nan ɓangaren − ne.