Dajin Gabon da bikin iboga: shiri daga Katsina

Wannan rubutu kan zuwa dajin Gabon ne, da kuma haɗarin iboga, wani itace da ake cin garin ɓawon saiwarsa a wani biki a can. Mai niyyar Gabon daga Katsina zai fara sauka Legas, ya hau jirgin ASKY da ke yada zango a Lome kafin ya kai shi Libreville, babban birnin ƙasar. Gabon ba ta cikin ECOWAS, saboda haka sai da biza, kuma bizar intanet ga masu shiga ta filin jirgin Libreville take aiki. Katin rigakafin zazzaɓin shawara dole ne, a yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tashi. Kada kuma ka canji sefa a Jibiya ko Maraɗi da sunan guzuri. Sefar Nijar ta yammacin Afirka ce, ta Gabon ta tsakiyar Afirka ce. Darajarsu ɗaya, amma mai shago a Libreville ba zai karɓi taka ba. Riƙe Yuro.

A 2002 Shugaba Omar Bongo ya keɓe gandun daji 13, kuma ɗaya daga cikin masu sauƙin kaiwa shi ne Lope, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2007. Jirgin ƙasa daga Owendo, kusa da Libreville, zuwa Franceville yana tsayawa can, sau da yawa cikin tsakar dare, don haka ka gama magana da masauki su aiko mota tun kafin ka taso. Tsakanin Yuni da Satumba ruwa kan ɗauke, hanyoyi su bushe, kuma lokacin ne birai masu jan hanci da shuɗin kunci ke taruwa garke guda, ɗaruruwa. Akwai giwayen daji da ɓauna. Sa riga mai dogon hannu ko da rana tsaka, domin wani ƙuda mai cizo da rana yana sa tsutsar da ke yawo har cikin ido. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a fara shi tun daga gida.

Sai batun iboga, wanda shi ya sa muka yi wannan rubutu. Ƙaramin itace ne, ana kankare ɓawon saiwarsa a shanya, a daka, a ci garin cokali bayan cokali cikin dare, ana kaɗa garaya mai tsirkiya takwas da ake kira ngombi. Mabiya addinin Bwiti, musamman ƙabilun Mitsogo da Fang, su ke wannan biki, kuma shiga addini ne na neman ganawa da kakanni. Ya kamata Musulmi ya san wannan tun kafin wani dillali ya kira masa shi "maganin gargajiya". Ga shi kuma yana gusar da hankali: amai, jiri, kasa tsayuwa da ƙafa, da gane-gane na yini guda ko fiye.

Abin da ke tayar mana da hankali shi ne yadda ake tallata shi a intanet a matsayin maganin shaye-shaye, alhali a Katsina da Daura akwai iyayen da za su sayar da gona don raba ɗansu da tiramol ko kodin. Sinadarin da ke cikin iboga, ibogaine, yana rage bugun zuciya, yana kuma jinkirta lokacin da take komawa daidai bayan kowane bugu. Daga nan bugun na iya rikicewa, mutum ya faɗi matacce, wani lokaci kwana biyu ko uku bayan an watse. Amai yana zubar da sinadaran potassium da magnesium na jini, haɗarin ya ƙaru. In kuwa akwai sauran tiramol ko kodin a jiki, iboga na ƙara musu ƙarfi har numfashi ya tsaya. Ƙarfin garin ma ya bambanta daga saiwa zuwa saiwa, cokali ba ya auna shi, kuma a ƙauyen daji babu na'urar gwajin zuciya, babu mai farfaɗo da ita.

Shawararmu: ka je ka ga daji, ka ɗauki ɗan jagora ya nuna maka itatuwa da amfaninsu, amma kada ka ci iboga. Kada kuma ka saye shi tsaraba, don Gabon ta hana fitar da iboga ba tare da izini ba. Yaron da ƙwaya ta kama kuwa, asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa a Kaduna yana da sashen masu shaye-shaye, kuma tafiyar yini guda ce a mota.