Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Darasin Leza a Ajin Tarminal

Makon jiya na tsaya a inda na ajiye aikin labo a Arlit na dawo Damagaram kusa da tsohuwata, wadda ƙafa ta fara gagara. Zaman banza ba nawa ba ne, sai na karɓi koyar da fizik da shimi a wata lise mai zaman kanta a Sabon Gari. A 2004 ke nan.

Yara na jin an ce mushen nan daga Arlit ya fito, tambaya ta ƙi ƙarewa. Wata yarinya mai zama a bencin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, wai garin uraniyom ɗin nan mai ruwan ɗorawa da kuke zubawa a duro, shi ake zuba wa injin wuta a Faransa?" Na ce mata a'a, 'yata, da sauran tafiya. A lokacin, daga Arlit manyan motoci kan kai shi tashar ruwa ta Kwatano, jirgi ya kai shi Faransa. A Malbezi, kusa da Narbon, ake fara sarrafa shi, a Tirikastan a ƙarasa haɗa shi da fuluwor ya zama UF6, wanda ke tashi ya koma iska in zafi ya kai digiri 56 da ɗoriya. Daga nan aiki mai tsada yake farawa.

Uraniyom iri biyu ne a cakuɗe. Mai lamba 238 shi ya cika wuri. Mai lamba 235, wanda shi ke tsagewa ya ba da zafi, kashi 0.7 ne kawai cikin ɗari. Yawancin injinan nukiliya suna son kashi 3 zuwa 5, don haka sai an tace shi an ƙara yawan 235. Su biyun kuwa shimi ba ta raba su, don duk abin da ɗaya ya yi da asid ɗayan ma zai yi. Hassan da Husaini ne masu kama ɗaya: tsofaffin hanyoyi ɗora su suke a sikeli, leza kuwa, wato haske mai launi ɗaya tak, sunan ɗaya take kira ya waiwayo.

Hanyar sikelin ta ci wuta ba kaɗan ba. Masana'antar Eurodif ta Tirikastan, wadda ta fara aiki a 1979, tura iskar take ta cikin matatai masu ƙananan ƙofofi, matata bayan matata sama da dubu, kuma yawancin wutar injinan nukiliya huɗu da ke gefenta ita ke shanyewa. Da na faɗi haka ajin ya ɗauki surutu, don mu a lokacin wutarmu daga Katsina take zuwa ta Gazawa, ranar da ta ga dama.

Washegari na biya kasuwar Dole na sayi 'yar tocilan leza ta makulli, irin wadda yara ke tsokanar kyanwa da ita. Na sa aka rufe tagogi, na kaɗa tsumman goge allo, ƙurar alli ta tashi, jan zare ya bayyana tun daga hannuna har bangon baya, bai baje ba. Na ce su lura, launi ɗaya tak ne, ba kamar hasken rana ba. Atom ba ya haɗiyar kowane haske, sai wanda ya yi daidai da shi. Nutron ukun da 238 ya fi 235 da su sun ɗan gusar da launin da kowanne ke haɗiya, gushin da ido ba ya gani amma leza na iya saituwa a kai. Sai a narka ƙarfen uraniyom har ya zama tururi, a haska shi. 235 ya haɗiyi hasken, elektron ɗaya, wato ƙwayar lantarki, ya fice masa, faranti mai caji ya janye shi gefe, 238 ya wuce abinsa. Wata hanyar kuma iskar UF6 ake sanyayawa a harbe ta da hasken da ke ƙasa da ja. Fuluwor ya dace da aikin ne saboda iri ɗaya gare shi, duk bambancin nauyi daga uraniyom yake.

A allo abin gwanin sha'awa, a masana'anta kuwa ya ba da wuya. Tururin uraniyom yana cin kusan duk abin da ya taɓa. Amurka ta kashe kuɗi masu yawa a cibiyar bincike ta Libamo ta ajiye shirinta a 1999. Faransa ta gwada nata, SILVA, ta samu kimanin kilo 200 na tataccen uraniyom a 2003, sannan ta juya ga injinan juyi masu wulwula iskar su raba ta bisa nauyi, waɗanda suka gaji Eurodif da aka rufe a 2012. Cikin waɗanda suka rage da rai akwai SILEX ta mutanen Ostareliya, da ake ci gaba da gwadawa a Amurka, kuma yadda take aiki sirri ne na gwamnati. Ni dai ban ga laifin masu ɗari-ɗari da ita ba: masana'antar da ba ta cin wuta da yawa, ba ta cin fili, ɓoye ta ba wuya, kuma na'urar da ta kai kashi 5 in aka maimaita za ta kai 90 na bam.

Yarinyar nan ba ta bar ni ba. Bayan an tashi ta biyo ni har gindin bedi inda nake ajiye babur, ta ce, "Mushe, to a ina ake koyon wannan?" Na ce sai dai ta fara da Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, don lokacin Damagaram ba ta da jami'a. Ta ce babanta ya riga ya karɓi goro. Yadda na je gidansu a Birni da abin da dattijon ya faɗa mini a zaure, shi zan kawo mako mai zuwa in Allah ya kai mu.