Zuba ƙwai kashi-kashi a injin ƙyanƙyasa: yadda na daidaita danshi

Mai kaji goma ko goma sha biyar ba ya cika injin ƙwai 120 a rana ɗaya, kuma ƙwan da ya wuce kwana bakwai a ajiye ƙarfinsa raguwa yake yi, balle a zafin bazara. Shi ya sa na fara zubawa kashi-kashi, duk abin da na tara sai in saka. Zafi bai ba ni wahala ba, domin digiri 37.5 ya ishe kowane ƙwai a injin mai fanka. Danshi ne ya hana ni barci.

Ƙwan kaza yana son danshi kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari daga ranar farko zuwa ta 18, ana juya shi. Daga nan a daina juyawa, a ɗaga danshin zuwa 65 ko 70 har ya ƙyanƙyashe a ta 21. To, inji ɗaya ba ya ba da danshi iri biyu. Da na ɗaga saboda na gaba, wato ƙwan da na fara zubawa, na baya suka sha wahala: ruwan cikinsu bai ragu ba, gurbin iskar da ke faffaɗan gefen ƙwan ya tsaya ƙarami, ɗan tsako ya cika tsaf amma ya mutu bai huda ɓawo ba. Waɗanda suka fito kuma ciki a kumbure, cibiya ba ta rufe ba. Da na rage saboda na baya, sai tantanin na gaba ya bushe ya naɗe tsakon, ka ga ya huda, yana ta kuka, ya kasa juyawa.

Abin da ya raba wannan rigima shi ne akwati na biyu, na ƙyanƙyasa kawai. Ba sai mai tsada ba. Nawa kular ruwa ce ta roba, da ƙwan fitila biyu, da na'urar daidaita zafi, da ƙaramar fankar kwamfuta, da faranti mai faɗi na ruwa a ƙarƙashin raga. Na huda ƙofofin iska a sama da ƙasa, na shimfiɗa tsumma mai kaushi don kada ƙafar tsaki ta zame ta baje. Babban injin kuma ya zauna a 50 ɗinsa, ba na taɓa shi.

Sannan na tsayar da rana ɗaya ta zubi, Litinin. Lissafin ya faɗa daidai: kwana na 18 Juma'a ne, na 21 Litinin. Ranar Juma'a in kwashe zuwa akwatin, Talata in fitar da 'yan tsaki bayan sun bushe, Laraba in wanke da ruwan bilic, Alhamis in kunna shi ya ɗau zafi. Wankin nan ba na wasa ba ne, ƙurar gashin tsaki da ɓawo da ruwan ƙwai su ne gidan ƙwayoyin cuta. Talotalo mai kwana 28 ma ana kwashe shi a na 25, shi ma Juma'a. Zabo yakan yi gaggawa ya fito tun na 26, don haka nakan leƙa nasa tun Alhamis. Kowane ƙwai ina rubuta masa ranar zubi da fensir.

Yanzu batun ma'aunin danshi. Waɗannan ƙananan na kasuwa suna ƙarya, wani ya ɗara wani da maki goma. Gwajinsu mai sauƙi ne: a jiƙa gishiri a murfin kwalba, ya jiƙe kada ya narke, a sa shi da ma'aunin a leda a ɗaure, a bar su su kwana. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 68, ka san kullum sai ka ƙara masa bakwai.

Duk da haka, sikeli na fi yarda da shi. Ƙwai yana bukatar ya rasa kusan kashi 12 cikin ɗari na nauyinsa kafin kwana 18. Nakan auna kowane kashi gaba ɗaya ranar zubi. In ƙwai 30 sun yi giram 1,500, abin da za su rasa 180 ne, wato goma a kullum: 70 a kwana na bakwai, 140 a na 14. In sun rasa ƙasa da haka danshi ya yi yawa, sai in rage ruwa. In sun zarce sai in ƙara. A waɗannan ranakun nake haska su da tocila a ɗaki mai duhu, in ga jijiyoyi da girman gurbin iska, in fitar da baragurbi kafin ya fashe ya ɓata sauran. Wanda na cire sai in cire nauyinsa daga lissafi, in ba haka ba sikelin ma ya ruɗe ni.

Zurfin ruwa ba ya ƙara danshi, faɗin fuskarsa ne ke ƙarawa. A hunturu, lokacin da iska ta bushe har leɓe na tsagewa, faranti biyu nake sawa da soso a tsaye a ciki. A tsakiyar damina, wajen Agusta, babban injin kan yi kwanaki ba ruwa ko ɗigo, kuma ƙwan yana tafiya daidai. Ruwan ya zama mai ɗumi, na sanyi yana saukar da zafi. Kada kuma a toshe ƙofofin iska don a tara danshi, tsakon da ke shirin fitowa ya fi kowa bukatar iska. Ni siririn tiyo na zura ta gefe, da sirinji nake ƙara ruwa ba tare da na buɗe murfi ba.

Wanda ba shi da halin akwati na biyu, ya sauke ƙwan da suka kai 18 zuwa kwando mai murfin raga a ƙasan injin, kada ya ɗaga danshi sai ya ga hudar farko. Kwana biyu a 65, sannan ya saukar zuwa 40 na kwana biyu ko uku, har sikeli ya nuna na baya sun rama abin da ya kamata su rasa.