Bukukuwa, wata da kalanda a ajin 'yan shekara shida

Yaro ɗan shekara shida bai san tsawon wata uku ba. Ka ce masa sai nan da wata uku za a yi hutu, zai gyaɗa kai, gobe da safe ya zo ya tambaye ka ko yau ce ranar. A bakinsa "jiya" tana iya nufin bara, "gobe" kuma duk abin da bai zo ba tukuna. Amma tambaye shi yaushe haƙorinsa ya fita, sai ya ce maka "kafin Sallah" ko "bayan Kirsimeti", kuma in ka bincika za ka tarar daidai ya faɗa. Bukukuwa su ne turakun da yake ɗaure lokaci a jikinsu, tun kafin ya iya karanta kalanda.

Ina koyar da 'yan aji ɗaya na firamare, kuma saboda wannan ne nake ba darussan bukukuwa muhimmancin da wasu abokan aikina suke ganin ya yi yawa. Su a wurinsu makon biki makon sassauci ne: a rage karatu, a raba takardu a shafa launi, a rera waƙa, a tashi. Ni kuwa ban ga makon da kan yaro yake buɗewa kamar wannan ba. Tun daga ƙofar makaranta zancen bikin ne a bakinsa, ko ka so ko ka ƙi. Tunda hankalinsa yana can, gara in ɗauki karatuna da lissafina in same shi a can.

Akwai wani salo da ya zama ruwan dare, kuma ba na ƙaunarsa. Malama ta raba dare tana yanka kwali, ta fitar da taurari ko furanni iri ɗaya sak, daidai yawan yaran aji. Da safe kowa ya karɓi nasa ya shafa masa launi, a manna a bango, a ɗauki hoto a tura wa iyaye. Bangon ya yi kyau, babu musu, kuma na san wahalar da malamar ta sha. Sai dai ita ta auna, ita ta zana, ita ta riƙe almakashi. Duk matakin da ake koyon wani abu a cikinsa ita ta yi shi, yaro ya samu na ƙarshe kawai. Na fi son tauraro karkatacce mai ƙafa huɗu wanda yaro ya yanka da hannunsa, yana cije leɓe, don a wannan yankan ne yatsun da za su riƙe fensir suke ƙarfi. Kafin in shigar da kowane aiki cikin tsarin darasi nakan tambayi kaina: in an cire adon, me yaron ya karanta, me ya ƙirga, me ya gani da idonsa, me ya faɗa da bakinsa? In babu amsa ko ɗaya, aikin ba ya shiga.

Koyarwa bisa jigo guda ba sabon abu ba ne. Wani likita ɗan ƙasar Beljiyam, Ovide Decroly, ya buɗe makaranta a birnin Brussels a 1907, inda ya daina yanka wa yara rana gunduwa-gunduwa, wannan sa'ar lissafi, waccan sa'ar rubutu. Sai ya tattara darussa a kan abubuwan da suka shafi rayuwar yaro kai tsaye, kamar ci da sha, da kare kai daga sanyi da zafi, da aiki tare da jama'a. Ya kasa aikin mataki uku: yaro ya fara lura da abin da idonsa da hannunsa, sannan ya danganta shi da abin da ya riga ya sani da kuma yadda yake a wasu wurare da wasu zamunna, daga ƙarshe ya bayyana shi da magana ko zane ko rubutu. Abin da na ɗauka a wurinsa shi ne jerin matakan. Lura ce farko. Yawancin darussan biki da nake gani daga mataki na uku suke farawa, a ce yaro ya zana abin da bai taɓa tsayawa ya duba ba.

Jigon da na fi so a duk shekara shi ne wata, kuma tambayar yara ce take kawo shi. Kusan kowace shekara sai an samu wanda ya ce, "Malama, me ya sa Kirsimeti kullum tana wuri ɗaya a kalanda, amma Sallah ba a sanin ranarta sai an ga wata?" Ba na amsawa a ranar. Nakan ba kowa takarda mai gidaje talatin, in ce daga daren da jinjirin wata ya tsaya kowa ya leƙa sama bayan faɗuwar rana, tare da wani babba, ya zana abin da ya gani a gida ɗaya. In hadari ya rufe sama, a zana hadarin, shi ma abin da aka gani ne.

Makonni biyun farko daɗi gare su. Jinjiri yana fitowa a yamma da wuri, kafin yara su yi barci, kullum yana ƙara kauri, kullum yana ƙara matsowa gabas. Da safe muna buɗe takardu mu kwatanta. Ana gardama sosai, wannan ya ce ƙahonnin sama suke kallo, wancan ya ce gefe, ni kuwa in ce a sake dubawa yau da dare. A wannan lokacin kalmomin karatunmu daga nan suke fitowa: dare, rana, haske, duhu, sama, rabi. Muna raba su gaɓa-gaɓa da tafi, muna rubuta su a allo, kowa ya yi jimla guda a ƙarƙashin zanensa. Lissafi ma haka: kwana nawa daga jinjiri zuwa rabi, gida nawa aka cike, nawa suka rage.

Bayan wata ya cika sai rikici ya tashi. Wata yana jinkirta fitowa da kusan minti 50 kowane dare, don haka cikin 'yan kwanaki yara suna barci kafin ya leƙo. Takardu sai su fara zuwa da gidaje babu komai. Wata yarinya ta taɓa miƙo min tata idonta ya ciko da ƙwalla, ta ce, "Malama, wallahi na duba, babu shi, ba ƙin yi na yi ba." Na ce mata, "Na yarda da ke, 'yata. Zo mu je mu nemo shi." Kwana huɗu ko biyar bayan cikarsa, da sassafe, wata yana nan a sararin yamma, fari fat, gefe guda a gutsure. Na fitar da su fili na ce kowa ya juya wa rana baya ya ɗaga kai. Aka ɗan yi shiru ana lalube, sai wani yaro ya ƙwalla ihu yana nuni da hannu biyu, sauran suka ruga wurinsa. Da yawansu ba su taɓa sanin ana ganin wata da rana ba. Yarinyar nan ta durƙusa a ƙasa, ta ɗora takardar a gwiwarta ta zana shi nan take, ta kuma rubuta "safe" a ƙasa ba tare da na ce ta rubuta ba.

Sai a mako na ƙarshe nake komawa kan tambayar. Nakan kawo dogayen kwalaye biyu da na haɗa da gam, ɗaya mai gidaje 365 na shekarar rana, ɗaya mai 354 na shekarar wata, domin wata guda kwana 29 da rabi ne a kan matsakaici, sau 12 kuma ya ba da 354. 'Yan aji ɗaya ba su kai ga waɗannan manyan lambobi ba, kuma ba na nema su kai. Muna shimfiɗa su a ƙasa kai da kai, sai a ga ɗaya ya ɗara ɗaya. Rarar kawai muke ƙirgawa: 11, yatsun hannu duka da ƙarin guda. Daga nan yaro yake gane cewa Kirsimeti, 25 ga Disamba, tana bin dogon kwalin ne, Ƙaramar Sallah ta 1 ga Shawwal da Babbar Sallah ta 10 ga Zulhajji kuma suna bin gajeren, shi ya sa kowace shekara suke matsowa da kimanin kwana 11. Nakan gaya musu cewa sai an yi kusan shekara 33 kafin Sallah ta zagayo ta dawo inda take yanzu, lokacin suna da shekara 39. Dariyar da suke yi wa wannan lamba ba kaɗan ba ce, don ba su yarda za su taɓa tsufa haka ba.

Watan nan ne kuma yake buɗe mana ƙofar sauran jama'ar duniya. Ista tana faɗowa ne ranar Lahadin da ta biyo cikar wata na farko daga 21 ga Maris. Sabuwar shekarar mutanen Sin tana farawa da sabon wata, tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Diwali, bikin fitilu na Indiya, ana yinsa a daren duhun wata cikin Oktoba ko Nuwamba. Muna nemo wuraren a taswira. Ina son yaro ya san cewa watan da ya zana a takardarsa shi mutanen can ma suke dubawa don sanin ranar murnarsu.

A nan akwai iyakar da nake kiyayewa sosai. Aikina in sanar da yara abin da mutane suke yi da dalilin da suke bayarwa. Sa yaro ya yi ibadar da ba ta gidansu ba, ko ya rera abin da iyayensa ba za su so ba, wannan ba hurumina ba ne. Kafin jigon ya fara nakan aika wa iyaye 'yar takarda mai bayanin abin da za mu yi, kuma duk mai tambaya ƙofata a buɗe take. Haka nan in yaro ɗaya ne tak mai wani addini a aji, ba na tsayar da shi gaban allo ya zama kakakin mutanensa. Nauyin ya fi ƙarfin ɗan shekara shida. In ya so ya yi magana da kansa, muna saurare.

Wani abin da ya fi wannan saurin raunata yaro shi ne tambayar ranar dawowa daga hutu. "Me aka saya muku?" tambaya ce da take raba aji gida biyu cikin minti ɗaya, kuma wanda ba a saya wa komai ba yakan yi shiru ko ya ƙirƙiro ƙarya. Ni nakan tambaya: wa ka gani wanda ka daɗe ba ka gani ba? Wane sauti ka ji? Wa ka taimaka wa? Kowa yana da amsar waɗannan. Ranar uwa da ranar uba ma haka suke. Da wuya a samu aji babu maraya, ko wanda kakarsa ko gwaggonsa take riƙonsa. Katin da muke yi na "wanda yake kula da ni" ne, kowa ya rubuta sunan da zuciyarsa ta ba shi.

Ranakun duniya kuwa sun yi yawa, in ka ce za ka bi kowacce ba za ka koyar da komai ba. Uku nake ɗauka. Ranar wanke hannu, 15 ga Oktoba, wadda aka fara a 2008: nakan shafa garin alli mai launi a tafin yaro ɗaya, ya gaisa da na kusa da shi, shi ma ya gaisa da na gaba, sannan mu bi sawun launin a hannuwa da tebura da marfin ƙofa, mu je mu wanke da sabulu muna ƙirga 20. Ranar harshen uwa, 21 ga Fabrairu, wadda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ayyana a 1999 don tunawa da ɗaliban da aka kashe a Dhaka, babban birnin Bangladesh na yanzu, a 1952 suna neman a ba harshen Bengali matsayinsa; ga yara ƙanana ba na shiga zancen kisan, kowa dai yana koya mana ƙirga ɗaya zuwa biyar da harshen gidansu. Sai ranar ruwa, 22 ga Maris, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara a 1993. Ita takan ci mana mako biyu, da kofuna biyu da aka cika daidai, ɗaya a rana ɗaya a inuwa, muna sa alama a bakin ruwan kowace safiya.

Duk wannan ba ya taɓa jadawalinmu. Lokacin karatu yana nan inda yake, na lissafi ma haka, abin da ke ciki ne kawai yake sauyawa. Yara suna ɗokin biki har su kasa zama, kuma akwai waɗanda sauyin tsari yake firgita su ƙwarai, sai ka ga kuka ko faɗa ba dalili. Sanin abin da zai biyo bayan abin da ake yi yanzu shi yake kwantar musu da hankali.

Takardun watan kuma ba na barin su tafi gida nan da nan. Ina ajiye su a fayil ɗin kowane yaro, bayan mako biyu ko uku in kira su ɗaya-ɗaya, in buɗe takardar in ce, "Ba ni labarin wannan." Wanda ya iya nuna min inda aka fara, da abin da ya biyo baya, da dalilin da ya sa gidajen tsakiya suka zama babu komai, na san ya kama jerin lokaci. Wanda bai iya ba nakan rubuta sunansa, in zaunar da shi kusa da kalandar aji, ya zama shi ke matsar da alamar rana kowace safiya har ƙarshen zango.